Ƙannena, wane irin gari kuke ginawa a cikin kwamfutar nan?

Daren Asabar da ta wuce na je Samaru gaida yayata. An ɗauke wuta, gidan duhu, ɗakin samari ne kaɗai ke da ɗan haske. Su huɗu na tarar sun yi cincirindo a kan laftof ɗaya, suna ƙyaƙyata dariya har da buga cinya. Na ɗauka ƙwallo suke kallo. Da na matsa sai na ga RimWorld ne, wasan kwamfuta na gina gari da ni kaina na fi shekara huɗu ina taɓawa in na taso daga shago. Ɗan yayata ne ke jan ragamar. Yana ganina ya ce, "Kawu, zo ka ga sana'a."

Abin da ya nuna mini shi ya hana ni barci. Wani dogon ɗaki ya gina a bayan garinsa, gadaje jere, kowane da fursuna a kwance. Maharan da suka kawo masa farmaki ne suka faɗi da rauni ya kwaso su. Ya cire wa kowanne ƙafa don kada ya gudu. Ya cire ƙoda guda, ya cire huhu guda, tunda a wasan mutum yana rayuwa da ɗaya, ya adana yana jiran fatake su zo ya sayar ya karɓi azurfa. In ya gama tatsar mutum sai ya cire zuciya, fatar kuma a ɗinka hula. Har ya sa wa ɗaya daga cikinsu sunan abokinsa da ke zaune a gefensa, shi kuwa abokin ya fi kowa dariya. Na ce, "Kai, wannan fa?" Ya ce, "Haba Kawu, ai wasa ne. Kowa haka yake yi, nan kuɗin suke."

Wannan "ai wasa ne" ita ta sa na zauna rubutun nan. Ku ƙannena ne, ina ƙaunarku, kuma ba na cikin masu cewa duk wanda ya taɓa wasan kwamfuta ya lalace. Irin waɗannan wasanni na gina gari suna koya wa mutum tanadi da haƙuri fiye da yadda iyayenmu suke zato. Wanda ya taɓa shuka masara a RimWorld sanyi ya kama ta kafin ta nuna, ya koyi ya fara da shinkafa mai saurin yi, ya cika rumbu kafin hunturu. Amma abin da na gani a Samaru babu tanadi a cikinsa. Mugunta ce aka zaɓa da gangan, ana tafa mata.

Na ce zaɓa, don na san wasan. Wani ɗan Kanada mai suna Tynan Sylvester ne ya ƙirƙiro shi, ya fito cikakke a 2018, kuma tun a allon farko yake miƙa maka wuƙa da nama. Kai za ka zaɓi yadda za ka fara: mutum uku da jirginsu ya tarwatse suka faɗo wata duniya, ko 'yan ƙabila biyar da aka tarwatsa garinsu, ko mutum ɗaya tsirara ba ko allura. Kai za ka zaɓi mai tsara maka ƙaddara: Cassandra da ke ƙara wuta sannu a hankali, ko Phoebe da ke barinka ka numfasa, ko Randy da ba a san gabansa ba. Kana iya zama manomi, kana iya zama makiyayi, kana iya ɗinki ko sassaƙa ka sayar, kana iya tura ayari fatauci garuruwan maƙwabta. Duk waɗannan hanyoyi a buɗe suke, yaron nan ya tsallake su ya je ya buɗe mahauta ta mutane. Wa ya tilasta masa?

Kuma shi kansa wasan ya fi ku kunya. In ka cire wa fursuna ƙoda, mutanen garinka ransu yana ɓaci, ma'aunin farin cikinsu ya sauka na kwanaki, wani ma ya birkice ya daina aiki. In kuwa ka yi jinyar kamamme ya warke ka sake shi ya koma gida, ƙabilarsa tana iya sassautowa, gaba ta ragu. In ka ciyar da shi kana lallashinsa, wata rana ya zama naka, ya riƙe maka fartanya ko bindiga. Ni likitar da ta fi ƙwarewa cikin waɗanda na taɓa samu a garina na wasan, da kulki ta zo kashe ni. Alheri danƙo ne, har a cikin na'ura ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sannan duk azurfar da kake tarawa, wasan yana lissafa dukiyarka ne ya aiko maka da mahara daidai ita, don haka ramin da kake ginawa kai yake jira. To da na gaya wa yaron haka, sai ya nuna mini dabararsa. Akwai ƙarin da aka yi wa wasan a 2021 mai suna Ideology, wanda ke ba ka damar rubuta wa mutanenka aƙida. Ya zauna da hannunsa ya rubuta musu cewa bautar da mutum halal ne, yanka fursuna ba laifi, don kada ransu ya ƙara ɓaci. Wato ya ga 'yan mutanen kwamfuta suna da sauran tausayi, ya bi ya goge shi. Wannan ya fi ƙodar ƙona mini rai.

Ku tsaya ku tuna inda kuke zaune mana. A Zariya kuke. Daga nan zuwa Giwa tafiyar minti nawa ce? Birnin Gwari fa? Wace unguwa ce a garin nan ba a taɓa zagayawa da ƙoƙon bara ana haɗa kuɗin fansa ba? Ba a manta watan Maris na 2022 ba, da aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna aka shige daji da fasinjoji, wasu sai da suka shafe wata shida da ɗoriya a hannu. Akwai mutane a cikinmu da suka kwana ɗaure a daji ana ciniki a kan rayukansu kamar awaki a kasuwar Tudun Wada. Sai ga ɗan gidanmu, wanda uwarsa ke tashi tsakar dare tana addu'a duk ranar da mahaifinsa ya hau hanyar Kaduna, ya kwanta a katifa yana lissafin nawa ƙodar kamamme za ta kawo, yana dariya. Ban ce gobe zai ɗauki bindiga ba, Allah ya kiyaye, yaro ne mai ladabi, shi ke ɗauko mini buta in na zo. Amma sabo turken wawa ne. Zuciyar da ta saba yi wa abu dariya da daddare, da safe in ta ji labarinsa a rediyo ba za ta girgiza kamar da ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ku ɗanyu ne, kuna tanƙwara kanku da kanku wajen da bai dace ba.

Haka na ga wani yana yi da Frostpunk, wasan da wani kamfanin ƙasar Foland ya fitar shi ma a 2018, inda ake gina birni kewaye da wani ƙaton injin ɗumama cikin ƙanƙara. Dokar farko da ya sa wa hannu ita ce ta tura yara aiki, alhali ga dokar gina musu mafaka nan kusa da ita. Abinci ya yi ƙasa, ya sa a cuɗa shi da garin katako. Bai ko tsaya karanta koken mutanen ba, dannawa kawai yake. Masu wasan sun gina shi ne don ka ji nauyin hukunci a wuyanka, shi kuwa ko gezau. Ya wuce yara masu talla a Kwangila da rana tsaka, ya dawo ɗaki ya tura na kwamfuta ɗibar gawayi.

Kada ma a zo batun masu cika gonakinsu na RimWorld da ganyen maye suna sarrafa ƙwaya suna sayarwa, wai ita ce ta fi riba. A garin da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samari har da matan aure, wannan ma abin nishaɗi ne? Ga raba dare har a kira assalatu kuna kan allo, ga kuɗin data da kuke tatsa wurin iyaye da sunan aikin makaranta, ga cacar ƙwallo da ta cinye wasunku. Waɗannan magana ce ta wata rana. Yau ɗakin fursunonin nan ne ya tsaya mini a wuya.

Mu fa an koya mana a allo cewa Suratul Insan ta yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, alhali su ma suna son abincin. An koya mana cewa a cikin fursunonin Badar akwai waɗanda fansarsu ita ce su koya wa yaran Madina rubutu. Kun haddace wannan a Islamiyya, kun ci jarrabawa da shi. To ranar da aka ba ku gari a hannu, ba mai ganinku, ba mai tuhumarku, me ya sa abin da kuka haddace bai zo muku a rai ba? An ce in kana son sanin halin mutum ka ba shi iko. Ga ɗan iko na ƙarya an ba ku, kun nuna wannan.

Ban ce ku goge wasan ba. Ku dai ji tsoron Allah, ku duba irin garin da kuke ginawa, ku yi wa juna faɗa. Tun ran gini tun ran zane.

Da muna yara a cikin birni, in ruwa ya ɗauke sai mu fita mu tara jiƙaƙƙiyar ƙasa a kan ƙafa, mu daddaɓe, mu zare ƙafar a hankali, ɗaki ya tsaya. Mu ja masa katanga irin ganuwar da muke gani ta Ƙofar Doka, mu yi rumbu, mu yi turken doki da kara. 'Yan mata na gefe suna tuwon ƙasa, har su aiko mana a murfin gwangwani. Wanda duk ya taka ginin wani, ranar ba mai sake wasa da shi, kuma in wani dattijo ya gani daga zaure sai ya ja kunnensa ko ba ɗansa ba ne. A langa ma in ka ture ƙaramin yaro da mugunta, manyan ne za su fitar da kai. Wasa ne, amma akwai idon babba a kansa, akwai abin da ake jin kunyar yi. Yanzu wasan ya shige ɗaki ya rufo ƙofa, dattijon zaure ya rasu, zauren ma an mai da shi shago. Yayata tana tsakar gida tana jin dariyarsu tana murna yara suna gida ba su fita yawo ba.

Kafin in tafi na roƙe shi ya saki ko mutum ɗaya, wanda ya sa wa sunan abokinsa. Ya duba ya ce ba zai iya tafiya ba, babu ƙafa, sai an sassaƙa masa ta katako. Na ce to a sassaƙa. Yana cikin neman itacen cajin laftof ɗin ya ƙare, ɗakin ya yi duhu, na yi musu sallama na fito neman keke napep zuwa Sabon Gari.