Mai giya ko otomatik, wacce ta fi cin hankalin direba?

Jama'a wannan musun da ake ta yi a majalisa kan mota mai giya da otomatik, ni dai ga abin da na gani. Mai giya ta fi neman natsuwa, musamman a irin hanyoyinmu na karkara. Ƙafar hagu na kan kuloci, ta dama na kai-komo tsakanin birki da totur, hannu ɗaya na kan giya, kunne kuma na sauraron kukan inji don ka san lokacin canji. Duk wanda ya taɓa ɗauko lodin riɗi a a-kori-kura ya biyo burji mai yashi ta wajen Maigatari ya san me nake nufi, in ka shiga yashi da giya ta uku mota ta mutu maka a tsakiya, in kuma ka saki kuloci da garaje taya ta tona rami ta zauna, sai an nemo samarin gari da shebur. Dole tun daga nesa ka hango yashin, ka sauko ta biyu, ka riƙe totur daidai ba ƙari ba ragi har ka fita. Haka ma taɓon damina a fadamar Auyo.

To amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutanenmu suka ɗauki otomatik kamar ta sauke musu nauyin tuƙi baki ɗaya. Kuloci da canjin giya kawai ta ɗauke maka fa. Akuyar da za ta tsallako titi tana nan, amalanken shanu mara fitila bayan magariba yana nan, ga 'yan talla da masu babur ranar Juma'a in kasuwar Wudil na ci. Sai hannun da ya samu hutu ya tafi kan waya, mutum na tuƙi yana duba WhatsApp, alhali doka ta hana kuma jami'an kiyaye haɗurra na kamawa a kai.

Wanda ya fi tayar min da hankali ma shi ne yara. Alhaji ya sayo otomatik, a kai yaro filin makaranta ya zagaya kwana biyu, shikenan a miƙa masa makulli wai ai ba wuya, D ce gaba R baya. Lasisi kansa sai mutum ya kai shekara 18 ake ba shi. Ita otomatik in tana D kana ɗaga ƙafa daga birki za ta fara tafiya da kanta, in yaro ya rikice ya taka totur a maimakon birki sai dai a ji ta a jikin katanga ko rumfar mai shayi, Allah ya kiyaye. Mai giya sau da yawa in ɗan koyo ya rikice mutuwa take yi a wurin. Shi ya sa ni ɗana da mai giya zai fara koyo.

Su ma masu giyar kada su ce na goya musu baya ɗari bisa ɗari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wasu direbobin Golf da Sharon sun ƙara rungumar ɗabi'ar jefa mota a firi in an zo gangara, wasu har kashe injin suke yi wai tattalin mai. Inji a kashe, taku biyu uku birki ya yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, ga mota cike da mata da yara an cusa mutum biyu a gaba. Ni in na shiga motar haya na ji an kashe inji ba na shiru, cewa nake Malam direba don Allah kunna motarka, man da za ka rage bai kai ranmu ba. Wani ya ji, wani ya yi gunaguni. Fasinjoji don Allah ku dinga sa baki, in mutum uku suka yi magana a tare direba ba ya musu.