Ni da Balamin Baba

Jajiberen Babbar Sallah aka ce a fito da ragon Baba a wanke. Ni kuwa na dawo hutu kai cike da karatun tsoka, zango guda muna fama da sharaɓar kwaɗo a ɗakin gwaji, sai na ce kowa ya matsa.

Na fara miƙe jiki a tsakar gida kamar ɗan ƙwallo, ƙafa bisa turmi, wajen minti biyar. Abin haushin, da hannuna na rubuta a jarrabawa cewa idan aka miƙe tsoka aka riƙe ta haka fiye da daƙiƙa 60, ƙarfinta kan ɗan ragu na wani lokaci. Har makin na ci. Amma ƙawar Ummi ta zo kitso ranar, kun dai gane.

Na kwance igiya daga turke na naɗe a hannu. Balamin ya kafe ƙafafunsa huɗu. Na ja, ya ja, ba wanda ya gusa. Irin wannan aikin ne tsoka ke ɗaurewa tamau amma tsayinta bai canza ba, sai ta matse hanyoyin jinin da ke cikinta, jini ya kasa wucewa sosai, nan da nan ta gaji. Wannan bayanin nake yi wa Auta da haƙora a cije, damtsena na rawa kamar mazari. Ragon kuwa tuƙa yake yi. Tuƙa!

Sai ga muryar Kawu daga kan tabarma, asuwaki a baki: "Dakta, ko a kira maka yara?" Kawu fa ba ya ce min Dakta sai abu ya lalace. Mutumin da ya ari fitilata ta caji tun azumin bara, duk sanda na yi maganarta sai ya ce ai ɗa na kowa ne. Shi da bai taɓa ɗaga ko bokiti a gidan nan ba, amma in an soya hanta hannunsa ne farko a kwano.

To, igiya ta yi sako-sako. Rago ya ja da baya, ya ɗan duƙa kan ƙafafun baya. Na ɗauka ya sallama, har na waiga wajen masu kitso ina murmushi. Ashe jijiyoyinsa ya ɗame kamar danƙon harbin tsuntsu. Ya zabura. Ƙafata ta dama ta bi shi, ta hagu ta tsaya cikin bahon ruwan sabulu, na tsage a ƙasa daɓas, wando ya ce ɓaarr. Na yunƙura in tashi, cinyoyi suka ƙi. Turawan nan da suka auna zaren tsokar kwaɗo a Landan a 1966 suka nuna cewa idan miƙewa ta wuce kima ƙarfi faɗuwa yake yi, wallahi ba su yi ƙarya ba. Na sake yunƙurawa, baho ya kife min a baya. Ƙawar Ummi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta kawai ke motsi. Inna na salati tana dariya.

Auta ya kaɗa dusa a kwano, rago ya bi shi salin-alin har bakin rijiya.

Tsamin jikin bai kankama ba sai washegarin Sallah, da bango nake miƙewa. Kawu ya aiko min da man zafi, rabin kwalba. Fitilar dai har yau shiru.