Ba Zamani Ne Ya Daki Gindin Mudu Ba

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Bayan rasuwar kakarmu, Allah Ya jiƙanta da rahama, aka zo rabon 'yan komatsanta, aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa, tsakanin zannuwan saƙi da tasoshi, muka tarar da gwangwanin madara an toshe bakinsa da tsumma. Da aka zazzage a kan tabarma sai ga wuri bakwai, anini mai huji, kwabo, sisi, sule biyu, da takardar fam ɗaya da ta yi laushi kamar ganyen kuka. Yara suka hau dariya. Wani ƙaraminsu ya ɗaga aninin ya ce, "Kawu, wannan maɓallin wace riga ne?" Ni kam jikina ne ya yi sanyi. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan an taɓa yin gumi a kansa, an yi rantsuwa, an je gaban alƙali, wataƙila ma zumunci ya mutu dominsa. Ga shi yau duk gwangwanin ba zai sayi ƙullin gishiri ba.

Shi wurin nan daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ake kwaso shi, ya sha doguwar tafiya kafin ya iso kasuwar Kurmi. Dubu ashirin ake ƙirgawa a zuba a keso guda, mai dukiya kuma da yawan kesonsa ake saninsa. Da fataken Turai suka riƙa jibgo wani irin wurin daga gaɓar gabashin Afirka sai ya yi yawa, darajarsa ta zube, har ɗaukarsa ya zama wahala. Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, suka hana shigo da shi, suka kawo nasu kuɗin na ƙarfe. Shi ma fam ɗin da ya kori wuri, ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta kore shi. Ita nairar kuwa duk mun ga abin da ya faru a farkon 2023, bayan da aka sauya launin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu: magidanci da kuɗinsa a banki, ya kwana a layi, ya koma gida ba na cefane.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne wata magana da ta zame mana kamar gaisuwa. Ka zauna a majalisa, ko a shagon aski, ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, ba za ka tashi ba sai wani ya ce "zamani ya lalace", wani ya amsa da "ai wannan zamani Allah wadaransa". Ni ma na sha faɗa, ba na cire kaina. To amma akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, inda Allah Maɗaukaki yake cewa ɗan Adam yana cutar da Shi, yana zagin zamani, alhali Shi ne Mai zamani, al'amari a hannunSa yake, Shi yake jujjuya dare da rana. Wanda ya tsine wa zamani, ya duba da kyau ya ga inda tsinuwar tasa ta dosa. Zamani ba shi da hannu ba shi da ƙafa. Rana ce ta fito ta faɗi.

To me ke sa duniya sauyawa? Ni a ɗan abin da na koya wurin malamai, amsar tana cikin labarin Uhudu. A shekara ta 2 bayan hijira Musulmi suka yi nasara a Badar, aka kashe mutum saba'in cikin mushrikai. Shekara ta zagayo, aka haɗu a Uhudu, aka kashe sahabbai saba'in, ciki har da Sayyidina Hamza, aka ji wa Manzon Allah (SAW) rauni a fuskarsa mai albarka. Sai Allah Ya saukar a Suratu Ali Imran aya ta 140: "Wa tilkal ayyamu nudawiluha bainan nas", wato waɗancan ranaku Muna jujjuya su ne a tsakanin mutane. Ka lura, wannan juyi ya faɗa wa mafi alherin al'umma, Annabi yana tsakiyarsu. Ke nan ba kowane sauyi ne azaba ba. Akwai wanda tsari ne kawai na Ubangiji, yau ga wannan gobe ga wancan, don a gane mai gaskiyar imani. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Amma kar ka rufe Alƙur'anin tukuna. Ka ƙara gaba kaɗan zuwa aya ta 165, inda aka ce da masifa ta same su sai suka ce daga ina wannan, aka ce wa Annabi ya amsa musu: daga wurinku ne. Maharba hamsin ya ajiye a kan tsauni ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair, ya ce kada su sauko ko me suka gani. Da suka hango ganima yawancinsu suka sauko, Khalid bin Walid, wanda lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai ta baya. Yaƙi guda ne, sura guda, amma an faɗa mana dalili biyu: juyin da Allah Ya tsara, da ɓarakar da hannun mutane ya buɗe. Rikicinmu a yau shi ne mun cakuɗa biyun. Wanda ya kamata mu yi wa haƙuri muna ta faɗa da shi, wanda ya kamata mu tuba daga gare shi kuma mun ɗora wa zamani mun kaɗe riga.

Ɗauki na farkon. Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, madugu shi ne babban mutum. Ayari ya tashi da jakuna zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, sayo goro, a yi wata da watanni ana sauka zango-zango. Da dogo ya zo, goro ya koma biyowa ta ruwa zuwa Ikko sannan ya hau jirgi, sana'ar da aka gada kaka da kakanni ta mutu a tsaye. Babu zunubin da madugai suka yi, hanya ce ta sauya. Wasu suka zauna suna cizon yatsa, wasu kuma suka karanci inda iska ta kaɗa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara, amma da gyaɗa ya shahara. Dalar gyaɗar da ta zama alamar Kano ita ma ba ta dawwama ba: farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga gona, suka haɗu suka kwashe ta. Yaron yau sai dai ya gani a hoto. Irin wannan juyi shi Bahaushe yake nufi da ya ce zamani riga ce. Ka sa ta, ka koyi sabuwar sana'a, ka tura ɗanka ya koyi abin da kai ba ka sani ba, ka roƙi Allah albarka a ciki.

Sannan mu riƙa yi wa Allah adalci idan muna yabon da. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, haka ne, amma a baran nan akwai agana, wadda ta makantar da mutane ta cika maƙabartu, sai a 1980 aka tabbatar an rabu da ita a duniya. Akwai kurkunu da ke kwantar da manomi tsakiyar damina. Kakanninmu a ƙafa suke tafiya aikin hajji ta Chadi da Sudan, mutum ya yi shekaru a hanya, ya yi sallama da iyalinsa sallamar da ba lallai a sake ganawa ba, da yawa ma can suka zauna, jikokinsu na nan har yau a Sudan. Kai kuwa ka yi asuba a Kano ka yi magariba a Madina, sannan ka dawo kana cewa babu alheri a zamaninka. Wannan butulci ne, ko da an faɗe shi da muryar tsoron Allah.

Na biyun kuma shi ne mai zafi, shi ya sa ba ma son zancensa. Allah Ya ce a Suratur Ra'ad aya ta 11, ba Ya sauya abin da ke ga mutane sai sun sauya abin da ke cikin zukatansu. Mun haddace ayar, muna jefa wa shugabanni ita, ba ma juyo da ita gida. Laifi tudu ne. Ranar nan na je awo, na karɓi mudun daga hannun mai hatsi na juya shi, sai ga gindinsa an dake shi ya shige ciki. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai zamani ne." Subhanallah. Zamani ne ya ɗauki guduma? Zamani ne yake saye masara da kaka ya kulle a sito, yana addu'ar ta yi tsada? Zamani ne ya zuba ruwa a nono, ya jera manyan tumatur a saman kwando ruɓaɓɓu a ƙasa? A waɗancan makonni na ƙarancin kuɗi a 2023 na ga wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci yana sayar wa maƙwabcinsa naira da naira, dubu goma sai ka bar masa dubu biyu. A layin nan dai kuma akwai wani mai shago da ya buɗe littafin bashi ya ce duk mai iyali ya zo ya ɗauki abinci, in kuɗi sun fito a biya. Wata guda, unguwa guda, gwamnati guda. Wanne daga cikinsu ne zamanin?

Na san wani zai kawo mini hadisin Anas bin Malik da ke cikin Bukhari, lokacin da mutane suka kai masa kukan zaluncin Hajjaj, gwamnan Iraƙi na wancan lokaci, ya gaya musu abin da ya ji daga Annabi (SAW), cewa babu wani zamani da zai zo face na bayansa ya fi shi sharri. Hadisi ne ingantacce, babu ja. Sai dai ka duba da me Anas ya fara: ku yi haƙuri. Bai ce ku zauna ku naɗe hannu ba, bai ce tunda an lalace kowa ya ci rabonsa ba. Kuma shekara huɗu kacal bayan mutuwar Hajjaj, Umar bin Abdul'aziz, wanda ya shahara da adalci, ya hau halifanci. Abdullahi bin Mas'ud ma ya bayyana cewa lalacewar da ake nufi ba ƙarancin dukiya ko na damina ba ce, tafiyar malamai ce, a rasa masu umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Mu kuwa da farashin shinkafa muke auna lalacewar zamani. In buhu ya sauko gobe, rabin masu kukan nan za su ce duniya ta gyaru, ko da sahun asuba bai ƙaru da mutum ɗaya ba.

Gwangwanin nan a wurina ya zauna, don babu magajin da ya nuna yana so. Na ɗora shi a kan kanta kusa da inda nake ajiye waya. Jiya da dare 'yata ta ɗauko shi tana karkaɗawa, ta ce, "Baba, me ya sa Hajiya ta ɓoye kuɗin da ba a karɓa?" Na ce mata lokacin da ta ɓoye ana karɓa. Ta yi shiru, sannan ta nuna sabuwar dubu ɗayan da ke leƙowa daga aljihuna ta ce, "To wannan ma mu saka a ciki?"

Na ce ta bari tukuna, da safe za a sayo koko da ita.