Ku daina tambayar mai wankin ƙoda ko ya warke

Jama'a don Allah mu rage tambayar nan ta "wai har yanzu ba ka warke ba?" in mun haɗu da mai ciwon ƙoda, wallahi tana ci musu rai. In ƙoda ta riga ta daina aiki gaba ɗaya, wanki ba ya dawo da ita, inji ne kawai yake tace jinin ya cire datti da ruwan da ya taru, bayan kwana biyu abin ya sake taruwa a koma. A ƙa'ida sau uku ne a sati, kowane zama kusan awa huɗu, amma mutum nawa ne a Jos ɗin nan ke iya hakan? Da yawa sai ƙafa ta kumbura, fuska ta hau, numfashi ya fara gagara har mutum yana kwana a zaune, sannan a yi karo-karo a nemi keke a nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, can Lamingo.

Kuma ranar da aka yi wankin ma ba hutu ba ne, mutum zai fito da jiri, ƙafa na ɗaurewa, ya wuni a kwance. Ga ƙarancin jini, don ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya samar da jini, shi ya sa suke shan allurai ko a ƙara musu jini. Sai ka ji dangi na cewa ya cika son jiki, ya ƙi fita kasuwa. Haba!

Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙishirwa. Wanda fitsarinsa ya ɗauke, likita kan ƙayyade masa ruwan da zai sha a wuni, 'yar gora ɗaya da aka ja mata layi da biro, shayi da koko da romo duk a cikin lissafin suke. Za ka ga babban mutum, magidanci da 'ya'ya, yana tsotsar ƙanƙara don ya jiƙa maƙogwaro, in yana alwala ya daɗe yana kurkurar baki kamar kar ya zubar. Abinci kuma a rage gishiri da magi, a yi hattara da ayaba, lemu, tumatir da dankalin turawa saboda fotasiyam, in ya yi yawa a jini yana iya tsayar da zuciya. Ka duba fa, mutumin Jos a ce ya yi nesa da dankalin Bokkos.

To mu kuma 'yan dubiya me muke kaiwa? Ledar ayaba da lemu. Wani kuma ya zo da jiƙo a gorar Swan yana rantsuwa wai wannan ne ya wanke ƙodar wani a ƙauyensu, kuma in mara lafiyar ya ƙi sha a ce ba ya so ya warke. Ba wanda ya san me ke cikin jiƙon nan, ƙodar da ta riga ta gaza ita za ka ɗora wa? Haka masu miƙa masa diclofenac ko ibuprofen daga kemis don ya ce jikinsa na ciwo, su ma illa suke ƙarawa da kyakkyawar niyya.

Maganar kuɗi kuwa, a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, madalla, amma yi lissafi, sau uku a sati ya kai 144,000 a wata, mafi ƙarancin albashi kuma 70,000 ne, ba a zo kan allurar jini da gwaje-gwaje da kuɗin mota ba. Dashen ƙoda ma da ake yi a Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002 ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, mutum zai sha maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar har ƙarshen rayuwarsa, in ya daina tana iya lalacewa.

Matsalarmu taimakonmu na yayi ne, a saka hoto a Facebook a tara kuɗi sati biyu, kowa ya yi addu'a ya wuce, wata na uku sai matarsa kaɗai ke bin gidaje da takardar asibiti a jaka (ita ma ba mai tambayar lafiyarta). Ni a ganina da 'yan uwa goma za su yanke dubu biyar-biyar duk ƙarshen wata ba fashi, ya fi masa amfani a kan dubu ɗari da aka ba shi sau ɗaya aka ɗauki hoto. Kuma a samu mai raka shi ranar wanki, don ba ya iya tsayawa bakin titi neman keke in ya fito.