Kafin 'yan kwangilar Kano su buga hatimin sabuwar ƙungiya

Makonni biyu da suka wuce, bayan an idar da sallar La'asar, wani ɗan kwangila da muka taso unguwa ɗaya ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, riƙe da takardu cikin baƙar leda. Ba ya cikin manya. Aikinsa ajujuwan firamare ne, da kwalbati, da katangar asibitin sha-ka-tafi, wani lokaci kuma gidan wani attajiri da ke zaune Abuja yana so a gina masa a gida. Ya ce, "Malam, don Allah duba mana wannan. Mun gaji, ƙungiya za mu kafa."

Daftarin tsarin mulkin ƙungiyar ne. Na tafi da shi gida na karanta a tsanake. Yawancin shafukan sun ƙare a kan muƙamai: shugaba da mataimakansa uku, sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi, iyayen ƙungiya. Akwai kuɗin fom, akwai kuɗin wata, akwai gudummawar da za a ba mamba in an yi masa haihuwa ko rasuwa. Na nemi layi ɗaya da ya faɗi abin da za a yi wa mamban da ya karɓi kuɗin aiki ya gudu, ko ya rage rodi, ko ya danne haƙƙin leburori, ban gani ba. Washegari na mayar masa na ce, "Alhaji, ina bayanku, amma wannan takarda ba ta taɓa inda ciwon yake ba tukuna." Maganar ta fi ƙarfin mu biyu, shi ya sa na kawo ta nan.

Kukansu dai gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce ba su da dalilin haɗa kai bai san halin da ƙaramin ɗan kwangila yake ciki ba. Ɗauki mutumin da ya sa hannu a takardar aiki a farkon 2023. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan Naira 460 ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Buhun siminti da ake saye dubu biyar da 'yan kai ya tsallake dubu goma a wurare da yawa, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka ambaci farashin 7,000 zuwa 8,000. Rodi ya bi, kwano ya bi, tifar yashi ta bi. Adadin da ke rubuce a takardar kwangila kuwa yana nan inda yake. Babban kamfani yana da lauya da masanin lissafin gini da za su rubuta neman ƙarin farashi, wanda 'yan harkar ke kira bariyeshan, su bi shi har a biya. Ƙaramin ɗan kwangila ba shi da kowa sai fayil ɗinsa, da takalminsa da ke ƙarewa tsakanin ofishin injiniya da ofishin akanta.

To ga jinkirin biya, wanda shi ne ya fi karya mutane. An gama aiki, injiniya ya zo ya duba, an rubuta satifiket, sai fayil ya kwanta. Wata uku, wata shida, shekara. In aka yi rashin sa'a gwamnati ta canza, sai a ce za a kafa kwamitin tantancewa. Dokar ba da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ce duk kuɗin da ya wuce kwana 60 ba a biya ba bayan an tabbatar da aikin, jinkiri ne, kuma akwai ƙarin da zai hau kansa gwargwadon yadda aka rubuta a yarjejeniya. Amma wane ƙaramin ɗan kwangila ne zai tsaya gaban darakta ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta ce kaza"? Ya san daga ranar sunansa ya fita daga jerin waɗanda ake kira. Abin da mutum ɗaya yake tsoron faɗa, ƙungiya tana iya rubuta shi a takarda mai hatimi, ta nemi gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi 44 su sa wa'adin biya ƙarara a kowace yarjejeniya, ta kuma riƙa fitar da jimillar bashin da mambobinta ke bi duk bayan wata uku ba tare da ta fallasa sunan kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko don wannan kaɗai, kafa ƙungiyar ya halatta.

Sai dai akwai tambayar da dole a amsa kafin a raba fom ko ɗaya: wane ne ɗan kwangila?

A garin nan sunan ya haɗa mutum biyu da ba su da alaƙa. Akwai wanda ya san aiki, ko ya ɗauki waɗanda suka sani, yake tsayawa a rana yana ƙirga buhunan da aka zuba a kwaɓi. Akwai kuma wanda abin da ya mallaka kawai kamfani ne a cikin jaka da sanayya a sama. Shi wannan ana ba shi aiki ne a matsayin sallama, bai taɓa niyyar taka wurin ba. Yana karɓar takarda zai nemi mai saye, ya cire kasonsa. Wanda ya saya ma sau da yawa ya sake sayarwa. Kafin aikin ya iso hannun wanda zai haƙa harsashi da gaske, an riga an yagi kuɗin sau biyu ko uku, ga harajin da ake cirewa tun daga tushe. Shi na ƙarshen nan ina zai fanshe? A jikin ginin. Inda zane ya ce rodi mai milimita 16, sai a sa mai 12. Buhun siminti a matse shi ya fitar da bulo ninkin abin da ya kamata, ka taɓa shi da ƙafa ya ruguje. Kankare da ke buƙatar ban-ruwa da kusan kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, a zare masa katako da wuri don a kai wani aikin. Fenti ya rufe komai ranar buɗewa. Damina biyu, bango ya tsage, kuma yaran talakawa ne ke zaune a ƙarƙashinsa suna karatu.

Mutanen Kano ba su manta benen nan mai hawa uku da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ba. Duk lokacin da irin wannan ya faru, kafin a kai ga bincike, kalmar farko da ke fitowa daga bakin jama'a ita ce "'yan kwangila". Nagari da mugu, guga ɗaya ake zuba musu. Idan sabuwar ƙungiya ta buɗe ƙofa ga duk mai kuɗin fom, masu sayar da takarda ne za su cika ta, domin su ne masu lokaci da kuɗi da kusanci da manya, su ne kuma za su ci zaɓen shugabanci. Daga nan ƙungiyar ta zama inuwar mutanen da suka ɓata sana'ar. Sharaɗin shiga ya kamata ya zama aiki da ake iya gani da ido: ka nuna gini biyu ko uku da ka yi, kwamiti ya je ya tsaya a gabansu, ya tambayi mai aikin, ya tambayi birkilan da ya yi maka.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, kowace sana'a tana da shugabanta: maƙera da sarkinsu, mahauta da Sarkin Fawa, magina da Sarkin Magina. Shi ke tara magina in za a gyara ganuwa ko gidan sarki, shi ake kai wa ƙara in magini ya ɓata aiki. Darajarsa ba ta tsaya ga yi wa mutanensa magana a fada ba, har da ikon tsawata musu. Mutanen da suka ɗaura bakan gizo da azara da tubali a soraye irin na Gidan Makama da Gidan Rumfa ba su da satifiket, amma akwai idon manyan sana'a a kansu, kuma magini ya san in sunansa ya ɓaci a wurinsu ya ɓaci a gari. Wannan rabin gadon ne muka yar, muka riƙe rawani da kirari.

Akwai wani abin da na gani da idona wanda har yau yake damuna. Wata Alhamis da yamma na bi ta wani wurin gini a bayan gari, na tarar da leburori kusan goma zaune a kan tarin yashi, an jingine kwanonin sarki da shebur, jikinsu fari fat da ƙurar siminti. Tun azahar aka tashi aiki, suna jiran a sallame su. Wani dattijon birkila yana ta kiran waya, tana kashe. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗana, sati biyu ke nan. Ya ce ba a biya shi ba. To ni shinkafar gidana ta san da wannan?" Mai yiwuwa ɗan kwangilar gaskiya ya faɗa. Amma nauyin jinkirin ya gangaro ne har ya sauka kan wanda ba shi da ko na motar komawa gida. Haka yake sauka kan ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa da ya ba da rodi bashi, da na 'Yan Katako a Na'ibawa, da direban tifa da ya sayi man gas da kuɗinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ya kuma ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Hukuncin nan biyu yana hawa kan gwamnatin da ta riƙe kuɗin ɗan kwangila, yana kuma hawa kan ɗan kwangilar da aka biya shi ya sayi sabuwar mota ya bar birkila yana kiran wayar da ba a ɗauka.

Don haka nake ganin kwamiti mafi muhimmanci a ƙungiyar shi ne na sauraron ƙorafi, wanda lebura da kafinta da mai walda da mai sayar da kaya za su iya zuwa ba tare da kuɗin lauya ba. A saurari ɓangare biyu, a sa wa'adi. Wanda aka tabbatar an biya shi ya ƙi biya, a dakatar da shi, a kuma sanar da sauran mambobi da 'yan kasuwa. Za a ji zafi ranar da hukuncin ya faɗa kan aboki ko suruki. Amma ranar ce ƙungiyar za ta sami bakin magana. Shugaban da zai iya cewa kwamishina, "Mun kori mutum uku bana saboda ha'inci, ga sunayensu, ga kuma bashin da masu gaskiyarmu ke binku," ba a sallamarsa da ruwan roba da hoto.

Wani zai ce ai akwai hukumomi, me ya kawo wata sabuwa? Akwai COREN ta injiniyoyi, akwai CORBON ta ƙwararrun magina, akwai KNUPDA mai ba da izinin gini a birni, akwai tarayyar manyan kamfanonin gine-gine ta FOCI tun 1954, ga cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA. Duk gaskiya ne. Sai dai COREN da CORBON rajistar masu takardar ƙwarewa suke yi, KNUPDA zane da fili take dubawa, FOCI kuwa zauren manya ne. Mutumin da ke gina aji biyu da ofis a Gezawa ko Kumbotso ba shi da kujera a ko ɗaya. Ƙungiyar ba za ta maye gurbinsu ba. Abin da za ta yi shi ne ta wajabta wa mambobinta kada su ɗora bene sai da injiniya mai rajista da zanen da aka amince da shi, ta kuma ɗauki lauya ɗaya da masanin lissafin gini ɗaya da kuɗin kowa, su yi wa mutum ɗari abin da mutum ɗaya ba zai iya biya ba.

Tsoro biyu nake ji mata. Na farko, ta koma wurin rabon ganima, inda za a zauna a ce wannan aikin na wane ne, sauran ku sa farashi mai tsada don ya ci. Wannan haɗin baki ne da dokar 2007 ta lissafa cikin laifuka, kuma kuɗin jama'a yake cinyewa. Na biyu shi ne siyasa. A Kano an sha ganin ƙungiya ta fara da kyakkyawar niyya, zaɓe na ƙaratowa ta fito ta yi mubaya'a, sannan ta rabe gida biyu kowa da shugabansa. Ɗan kwangila kuwa zai yi aiki da wannan gwamnati, zai yi da mai zuwa, bashinsa kuma ba ya canza jam'iyya. A rubuta tun yanzu cewa ƙungiya ba ta goyon bayan ɗan takara da sunanta, shugaba ba ya wuce zango biyu, ba ya kuma karɓar kwangila da sunan ƙungiya. Kuɗi su shiga banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a gaban kowa.

Abokina ya ce mini suna gaggawar zuwa Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Na ce madalla. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, sai sun gabatar da amintattu, an buga sunayensu a jaridu biyu, an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Yawanci ana ɗaukar kwanakin nan a matsayin jira kawai, tunda leburan da aka cinye wa kuɗi ba ya karanta sanarwar jarida. Na roƙe shi kada su yi haka. Su rubuta sunayen amintattun a takarda ɗaya, mutum biyu su ɗauka su shiga Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, su wuce Na'ibawa, su tsaya inda birkiloli da leburori ke taruwa da sassafe suna jiran mai ɗauka, su karanta musu sunayen su tambaya ko akwai wanda yake bin ɗayansu haƙƙi. Sunan da aka yi shiru aka sunkuyar da kai da aka ambace shi, a cire shi kafin a karɓi satifiket.

Ya ninke takardun ya mayar cikin leda, ya ce zai kai maganar zamansu na ranar Asabar.