Wa zai shiga ɗakin mai jego?

Tun Disamban 2023 da gwamnatin tarayya ta yi alkawarin ninka asibitocin matakin farko da take tallafa wa, daga kimanin 8,800 zuwa sama da 17,000 nan da 2027, labarin lafiya a rediyo ya koma iri ɗaya. An gyara asibitin sha-ka-tafi, an yi fenti, an kafa sola, an yanka ƙyalle. Kwanan nan na sake jin irinsa a nan Bauchi. Wakilin ya ƙirga ɗakuna, ya ƙirga gadaje, har famfon burtsatse bai manta ba, amma bai faɗi nas nawa aka tura wurin ba, kuma babu wanda ya tambaya. Abin ya tsaya mini a rai.

Ba na faɗa da gini. Sai dai jaririn da muke binnewa kafin a raɗa masa suna ba a gadon asibiti yake ba, yana ƙuryar ɗaki a bayan labule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi uku cikin huɗu na jariran da ke mutuwa a watan farko, a makon farko suke tafiya. Shi ya sa ta ce a duba uwa da ɗa cikin awa 24 da haihuwa, a sake dubawa a rana ta uku, a koma tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. To a ɗora wannan a kan rayuwarmu. Matan karkara da dama a gida suke haihuwa. Mai jego ba ta leƙa waje kafin suna, wata ma sai ta yi arba'in. A kwanakin nan masu haɗari, waɗanda ke ganin jaririn su ne ungozoma, kakarsa, 'yan barka, sai wanzamin da zai zo cire beli.

Bara na je barkar 'yar ƙanwata a wani ƙauye, haihuwar fari, kwana huɗu. An miƙo mini yaron a cikin zane. Idonsa ya yi rawaya, cibiyar ta yi ja tana ɗan wari, an shafe ta da man goge baki bayan gashi da tsumma mai zafi. Uwar ta ce tun jiya ba ya kama nono sosai. Na ce wa tsohuwar gidan, "Goggo, yaron nan fa asibiti yake buƙata." Ta ce, "Haba ɗan nan, shawara ce, kowane yaro yana yi, mun jiƙa masa magani." Goggo ba muguwa ba ce, yara takwas ta raina da abin da ta sani. Asibitin mazaɓar kuwa sabo fil, tafiyar da ba ta kai ta minti ashirin ba. Ma'aikaciya ɗaya na samu a ciki, ita ce awo, ita ce rigakafi, ita ce karɓar haihuwa. Da na tambaye ta ko tana zagaya gidajen masu jego, sai ta ce, "Baba, in na fita, wa zan bar wa ɗakin?" Ta duba yaron ta ce mu wuce babban asibiti a daren. Allah Ya yi da sauran kwana. Amma da ban je barka ranar ba fa?

Masu cewa jahilcin mutanenmu ne matsalar suna neman inda za su sauke laifi ne kawai. Masu cewa waya da manhaja za su maye gurbin ma'aikaci kuma, su faɗa mana yadda waya ke shinshina cibiyar da ta fara ruɓa.

Kada kuma wani ya ce shiga gida-gida ba zai yiwu ba. Mun yi. Shekara da shekaru mata masu ɗigon foliyo suna bin lungu-lungu da akwatin ƙanƙara, suna rubutu da alli a jikin katanga, har aka wayi gari a Agustan 2020 aka ce cutar shan inna ta daji ta bar Najeriya. Duk damina ana bin gidaje da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Tsakanin 2009 da 2015, wani shiri da Amurka ta ɗauki nauyi a Bauchi da Sakkwato ya sa matan unguwa suna kai maganin shafa wa cibiya da na tsayar da zubar jini har ɗakin mai haihuwa. Ƙofofin Bauchi a buɗe suke ga macen da aka sani. Illar ita ce kusan duk wannan aikin kamfe ne na kwanaki, da kuɗin baƙi da ɗan alawus. Da Amurka ta janye tallafinta a farkon 2025 kowa ya ga abin da ake nufi da kwana a kan tabarmar aro.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne darasin ba sabo ba ne. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne, ya san waɗannan ɗakunan. A lokacin da yake shugabantar hukumar lafiya matakin farko aka ƙaddamar da shirin tura ungozomomin zamani karkara a 2009. Shiri ne mai kyau, ya kuma yi rauni ne da jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka kasa biyan kasonsu na albashi da samar da masauki, matan suka tattara suka tafi. A 2018 aka sake ƙaddamar da wani shirin na wakilan lafiya na unguwa a garin Lafiya ta jihar Nasarawa, shi ma a kan 'yan sa-kai ya jingina. Har yaushe za mu ci gaba da ɗora ran jarirai a kan matar da ake ba ta kuɗin mota in an tuna?

A Fabrairun 2024 hukumar da ke yi wa nas-nas rajista ta ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Maganin da ta kawo shi ne ƙara tsaurara musu hanyar fita. Wannan rufe ƙofa ne da ɓarawo a ciki, domin matar da za ta zauna a Warji ko Dambam ba wadda ke shirin tafiya Ingila ba ce. 'Yar garin ce, wadda aurenta da iyayenta ke nan, ta yi karatun nas ko ungozoma na al'umma, ta dawo tana zaune a gida da takarda tana jiran a buɗe ɗaukar aiki. Irinsu suna nan, kowa ya san ɗaya ko biyu a danginsa.

Su nake so gwamnatin jiha ta ɗauka, aiki na dindindin mai albashi da fansho, aƙalla biyu a kowace mazaɓa, ɗaya ta tsare asibiti ɗaya ta fita. A ba ta abin hawa, da jaka mai ma'aunin zafi da igiyar awon dantse don gano tamowa tun kafin ƙafa ta kumbura. Mai unguwa da liman sun san duk gidan da aka haihu kafin gari ya waye, su za su sanar da ita. Ta ci gaba da leƙa yaron har ya karɓi allurar ƙyanda ta wata tara, har a yaye shi.

'Yan majalisar dokokin jiha su nemi wannan layin a kasafin baɗi, in babu su mayar da shi. Ku kuma abokaina 'yan jarida, in an sake gayyatarku yanka ƙyalle, ku nemi ganin jadawalin ma'aikatan wurin, ku tambayi gidan mai jego nawa aka shiga a watan da ya wuce.