Shinkafar Ojibwe ba ta kowa da kowa ba ce

Masu zuwa yawon buɗe ido tafkunan Minnesota da Wisconsin a Amurka sukan ɗauka cewa tunda manoomin, wato shinkafar daji ta Ojibwe (wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka), tana fitowa da kanta a ruwa, duk wanda ya samu kwalekwale zai iya shiga ya girba. Ba haka ba ne.

Ita ma ba shinkafar da muka sani ba ce, wata ciyawar ruwa ce da ke nuna daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. A filayen ƙabilar, kamar White Earth da Leech Lake a jihar Minnesota, girbin na 'yan ƙabila ne da mazauna wurin. Baƙo sai dai ya je sauran tafkunan jihar, shi ma da lasisi.

Mutum biyu ke aikin. Ɗaya yana tura kwalekwale da dogon gwangwala mai baki biyu, ɗayan yana riƙe da sanduna biyu marasa nauyi: ya lanƙwaso kara da ɗaya, ya kakkaɓe da ɗayar. Dokar Minnesota ta ce sanda kada ta wuce inci 30, kwalekwale kada ya wuce ƙafa 18, kuma ana girbin daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na rana kawai.

Ɓarnar da baƙo ya fi yi ita ce dukan kara da ƙarfi tun ƙwayar tana ɗanya. Karan ya karye, sauran ƙwayar ba ta nuna ba, ballantana ta zube ruwa ta zama irin baɗi. Abin da ke wa dattawan Ojibwe ciwo ke nan, kuma da gaskiyarsu.